An Ba Kura Awon Ƙura

Ya ku 'yan'uwa talakawa, duk wanda ya taɓa zama a kasuwar hatsi ya san inda rigima kan tashi. Dawa ba ta da laifi, gero ba shi da laifi, mudu ne abin faɗa. Mai saye in ya zo da nasa sai ka ga mai zurfi, mai sayarwa in ya fito da nasa sai ka tarar an bubbuge masa gindi. Shi ya sa tun zamanin kakanni aka san awo ba ya gyaruwa sai yana hannun wanda ba shi da rabo cikin cinikin. To, yau muna so mu ba ku labarin wani mudu da aka ƙera a Ingila da Amurka, na awon ƙura. Watau iyakar ƙurar asbesto da doka ta yarda lebura ya shaƙa a wurin aikinsa. Ku karanta, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, sa'an nan ku gaya mana wanda ya ƙera mudun nan da wanda aka tauye.

Asbesto dai kun san shi. Shi ne farin allon nan da ake silin da shi, da kwanon siminti da ke kan tsofaffin makarantu da gidajen gwamnati. Asalinsa dutse ne da aka riƙa haƙowa a Kanada da Rasha da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. In an farfasa shi sai ya warware zare-zare kamar auduga, ana iya kaɗa shi a saƙa, wuta ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi. Don haka Turawa suka sa shi cikin rufin ɗaki da bututun ruwa da birkin mota, suka naɗe tukwanen jiragen ruwa da shi. Amma fa zarensa ya fi gashin kai siranta nesa, ido ba ya ganinsa, in ya shiga huhu kuwa ba ya narkewa. Sai ya kwanta shekara 10, ko 20, har 40, kana ya tashi da ɗayan uku: ko huhu ya taurare mutum ya kasa numfashi, ko ciwon daji ya kama huhun, ko kuwa daji ya kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda likitoci ke kira mesoteliyoma, shi kuwa har yau ba a samo abin da ke warkar da shi ba.

SUN SANI TUN FARKO

Da abin ya kai gaban alƙalai, masu kamfanonin cewa suka yi a lokacin ba wanda ya sani. To, ga lissafi. Cikin 1898 wata mace mai duba ma'aikatu a Ingila, Lucy Deane, ta rubuta a rahoton gwamnati cewa ƙurar nan tana ɓata huhun ma'aikata. Cikin 1906 wani likitan Landan, Montague Murray, ya ba kwamitin gwamnati labarin wani ɗan shekara 33 da ya yi jinya a hannunsa, wanda ya ce su goma ne a ɗakin sharɓar asbesto, tara sun riga shi mutuwa, shi ma bai daɗe ba ya bi su. Cikin 1918 Frederick Hoffman, ma'aikacin kamfanin inshora na Prudential, ya rubuta cewa kamfanonin inshorar rai na Amurka da Kanada sun saba ƙin karɓar ma'aikatan asbesto. Kun ji fa. Masu kuɗi sun san kada su ɗora kuɗinsu kan ran leburan nan, amma shi leburan ba wanda ya gaya masa.

Ga kuma Nellie Kershaw, 'yar talakawa a garin Rochdale, wadda ta kama aikin kaɗin asbesto a masaƙar Turner Brothers cikin 1917. Cikin 1922 numfashi ya gagare ta. Asusun jinyar ma'aikata ya ce ciwonta na aiki ne, ta nemi kamfani. Kamfani ya ce doka ba ta san wannan ciwo ba. Haka ta zauna tsakani, ba nan ba can, har ta rasu ran 14 ga Maris, 1924, tana da shekara 33. Mijinta ya roƙi taimakon kuɗin jana'iza, kamfani ya hana, don kada ya zama an buɗe ƙofa. Aka binne ta a kabarin matalauta, ko alama babu. Likita William Cooke ya duba huhunta, ya buga abin da ya gani cikin jaridar likitocin Ingila a shekarar nan.

Sai gwamnati ta aiki Merewether da Price su bincika. Cikin 1930 suka kawo rahoto: sun duba ma'aikata 363, sun sami 95 da taurarren huhu. Cikin mutum 21 da suka yi shekara 20 ko fiye a aikin, 17 sun kamu. Bayan wannan wa zai ce bai sani ba?

YADDA AKA ƘERA MUDUN

To, da ya zama dole a yi doka, sai aka kira taro tsakanin sufetocin gwamnati da masu masaƙun. Shawarar da suka yanke ita ta zama gindin dokar 1931. Su da ke shaƙar ƙurar ba su cikin wannan zama. Aka dubi ɗakin kaɗi, inda ƙura ta fi sauƙi, aka ɗauki ƙurarsa ta zama ma'auni, aka ce inda ya fi wannan a sa injin zuƙe ƙura. Masu naɗe bututu a tashoshin ƙera jiragen ruwa, da magina, waɗanda kan fito fari fat kamar an yi musu wanka da gari, yawancinsu doka ta tsallake su. Daga 1931 har 1968 kuwa, ƙararrakin da gwamnati ta kai kan karya dokar nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A Amurka abin ya fi haka muni. Cikin 1935 mai gyara wata mujallar 'yan asbesto ta nemi izinin buga labarin ciwon. Shugaban kamfanin Raybestos-Manhattan, Sumner Simpson, ya rubuta wa Vandiver Brown, lauyan kamfanin Johns-Manville, cewa a ganinsa ƙarancin magana kan asbesto shi ya fi musu alheri. Wannan lauya kuma shi aka ba rahoton likita Anthony Lanza ya duba kafin a buga, ya nemi a sassauta wasu kalmomi don ciwon ya yi kamar mai sauƙi, aka kuwa sassauta. Ina kuka taɓa jin lauya yana gyara wa likita takardar ciwo?

Daga 1936 kamfanonin suka haɗa kuɗi suka ba ɗakin bincike na Saranac, bisa sharaɗin ba za a buga kome ba sai sun gani. Mai binciken, Leroy Gardner, ya sa ɓeraye cikin ƙurar, cikin 1943 ya ga ƙari ya fito a huhun yawancin wani rukuni nasu. Ya rasu cikin 1946. Cikin 1948 masu biyan kuɗin suka zauna suka ce a cire duk maganar ciwon daji, rahoton ya fito cikin 1951 ba ita. Masu magana sun ce in baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Shi mudun Amurka kuwa ga asalinsa. Cikin 1938 likitocin gwamnati, da Dreessen a gabansu, suka duba ma'aikata 541 a masaƙun asbesto na jihar Karolina ta Arewa. Amma kafin su iso an riga an sallami ma'aikata wajen 150 an sa sababbi a gurbinsu. Ɗan kasuwa ya san wannan dabara: a kwashe ruɓaɓɓen tumatir kafin mai saye ya leƙa kwando. Likitocin suka ce, na wucin gadi, in ƙura ba ta wuce ƙwaya miliyan 5 cikin iskar da za ta cika garwa ɗaya da rabi ba, da wuya a kamu. Cikin 1946 ƙungiyar masu duba lafiyar ma'aikata ta ɗauki wannan adadi, jihohi suka bi. Cikin 1947 ƙungiyar masu masaƙun asbesto ta sa wani injiniya, Hemeon, ya duba mata, ya ce adadin nan ba abin dogara ba ne. Ba a buga rahotonsa ba. Na wucin gadi ya zauna fiye da shekara 20. Cikin 1949 kuma likitan Johns-Manville a Kanada ya ba da shawara a rubuce, cewa leburan da hoton ƙirji ya nuna ya kamu kada a gaya masa muddin yana iya aiki.

A shekarar nan ta 1949 mahaƙa wajen 5,000 a lardin Kebek na Kanada suka yi yajin aiki wata huɗu da 'yan kai, cikin buƙatunsu har da a kashe ƙura. Gwamnatin Duplessis ta ce yajin haramun ne, ta aika musu da 'yan sanda. Wannan amsa mu talakawa mun san ta, ba sai an fassara mana ba.

Jamus ta yarda tun 1943 cewa asbesto na kawo dajin huhu, ta sa shi cikin ciwon da ake biyan diyya. Cikin 1955 Richard Doll ya duba mutum 113 da suka yi shekara 20 ko fiye a masaƙar nan ta Rochdale, ya sami 11 sun mutu da dajin huhu, inda bisa lissafin sauran jama'a ko 1 bai kamata a cika ba. Kamfani ya yi ƙoƙarin hana bugawa, Doll ya buga.

INDA BABU MUDU SAM

Wannan duk a ƙasashen Turawa ke nan, inda lebura ke da ƙuri'a. A Afirka ta Kudu, inda ake haƙo dutsen a ƙarƙashin mulkin wariyar fata, baƙar fata ko darajar a tauye masa mudu bai samu ba. Likita Gerrit Schepers ya ba da labarin abin da ya gani cikin 1949 a wata mahaƙa: yara ƙanana cikin manyan buhuna suna tattake asbesto, yana zubo musu a ka, ga wani ƙato da bulala a tsaye. Cikin 1960 likita Wagner da abokansa suka buga labarin mutum 33 masu mesoteliyoma, 32 daga cikinsu sun haɗu da shuɗin asbesto na lardin Kef. Da yawansu ba su taɓa aikin haƙa ba, zama kusa da mahaƙa ne kawai, ko wasa kan juji tun suna yara. Sai da 'yan ƙasar 7,500 suka bi kamfanin Cape har kotunan Ingila. Cikin 2001 aka daidaita kan fam miliyan 21, kamfani bai biya ba, cikin 2003 aka koma fam miliyan 7 da rabi. Ku raba da kanku ku ga kuɗin huhun mutum guda.

WA YA MOTSA SHI?

Abin da ya kamata kowane ɗan jam'iyya ya riƙe shi ne wannan. A Niyok ƙungiyar leburori masu naɗe bututu ta buɗe wa likita Irving Selikoff littattafanta, ya bi sawun 'ya'yanta 632. Cikin 1964 ya bayyana cewa 45 sun mutu da dajin huhu ko na tantaninsa, inda ake tsammanin wajen 7. Wannan karo lissafin daga hannun leburori ya fito, kamfani ba shi da aljihun da zai ɓoye shi.

Duk da haka kura ba ta saki mudu ba. A Ingila cikin 1968 aka ƙera sabo: zare 2 cikin kowace mililita ta iska, ita mililita kuwa biyar ɗinta ke cika ƙaramin cokalin shayi. Daga ina aka samo lissafin? Daga masaƙar Rochdale, inda Nellie Kershaw ta yi aiki, kuma cikin kwamitin akwai mutanen kamfanonin. An tsara shi bisa yarda cewa mutum 1 cikin 100 zai kamu da taurin huhu in ya yi shekara 50 yana aiki, ciwon daji kuwa ba a sa shi cikin awon ba. Zare 2 kamar ba kome. Amma lebura kan shaƙi iska wajen lita 10,000 a yinin aiki, watau zare miliyan 20 ke nan kowace rana, da izinin doka.

Ku dubi yadda mudun Amurka ya yi ta sauka bayan an kafa hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata. Cikin 1971 zare 12 ne. Kafin shekarar ta ƙare, bisa matsin ƙungiyoyin ƙwadago, ya koma 5. Cikin 1972 masanan gwamnati suka ce a mai da shi 2, masu kamfani suka yi kururuwa wai za a rufe ma'aikatu, aka ba su jinkiri har 1976. Cikin 1986 ya koma zare 1 cikin mililita 5, cikin 1994 zare 1 cikin mililita 10. Ninki 120 cikin shekara 23! Shin huhun ɗan Adam ne ya sake, ko dutsen ne ya ƙara dafi? Ba ko ɗaya. Kowane adadi a zamaninsa an ce shi ne lafiya, alhali farashi ne aka yi ciniki aka daidaita, iyakar abin da masu kamfani suka yarda su kashe. Tarayyar Turai kuma cikin 2023 ta sake ragewa zuwa zare 1 cikin mililita 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce ba a san wani awo da mutum zai shaƙa a ce ya tsira daga daji ba.

Kotu ma ta yi nata. Clarence Borel, mai naɗe bututu a Tekzas, ya kai ƙara, ya rasu cikin 1970 kafin a yanke, matarsa ta ci gaba, cikin 1973 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar mata da nasara. Daga nan ƙararraki suka ɓarke. Cikin 1977 lauyoyin leburori suka tono wasiƙun Simpson da aka adana shekara 40. Rana dubu ta ɓarawo. Cikin 1982 Johns-Manville, da dubban ƙararraki a wuyansa, ya ruga kotu neman mafakar karayar arziki. Amma kada ku ce sun tuba. Cikin 1989 gwamnatin Amurka ta hana yawancin kayan asbesto, kamfanoni suka kai ƙara, cikin 1991 kotu ta rushe hanin. Sai cikin 2024 aka sake fito da dokar hana farin asbesto. Ingila ta hana shuɗi da ruwan ƙasa cikin 1985, fari cikin 1999. Afirka ta Kudu ta hana cikin 2008, Kanada cikin 2018. Hani bai ta da wanda ya riga ya shaƙa ba: a Ingila ana lissafin mutum wajen 5,000 ke mutuwa kowace shekara saboda ƙurar jiya, a duniya kuwa Hukumar Lafiya ta ce sun haura 200,000.

INA RUWANMU?

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne. To, ya ɗaga kai ya dubi silin. Daga wajen 1960, daidai lokacin da likitoci ke ƙirga gawa a Afirka ta Kudu, aka shiga kafa ma'aikatun allon asbesto a ƙasar nan, a Ikko da Inugu, daga baya Kano da Bauchi. Ta Inugu kuwa Turner and Newall ne ya kafa ta tare da gwamnatin Jihar Gabas, watau uwar kamfanin nan na Rochdale. Allunan da aka buga a shekarun nan suna nan bisa kawunanmu, sun tsufa, ana rushewa ana kaiwa kasuwar tsofaffin kayan gini. Rasha da Kazakistan ba su daina haƙa ba. Akwai yarjejeniyar Rotterdam, wadda ta ce mai sayar da kaya masu haɗari ya sanar da ƙasar da za a kai wa tukuna. Tun 2006 ake neman a sa farin asbesto ciki, duk taro sai 'yan ƙasashe irin su Rasha da Kazakistan da Indiya su hana. Ko gargaɗi ba su so a yi wa mai saye.

Allon da ke zaune lafiya bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Masifa tana tashi sa'ad da aka sa masa zarto, ko aka huda, ko aka farfasa, ko aka share ɓurɓushinsa a bushe. Saboda haka kafinta da birkila da mai sayar da tsohon silin, ku jiƙa shi da ruwa kafin ku taɓa, ku cire shi ɗungum kada ku karya. Makanike, kada ka hura ƙurar birki da baki ko da iska, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a kai rigar aiki gida a kakkaɓe, gama mata da yawa a Ingila sun kamu ta wankin kayan mazansu. Mai wannan aiki ya rabu da taba, don ita da asbesto in sun haɗu haɗarin dajin huhu ninkuwa yake yi. Kowa kuma ya rubuta inda ya yi aiki da shekarun da ya yi, ya ajiye, domin ciwon da kan zo bayan shekara 30 ba ya samun shaida sai takarda.

Ga masu mulki kuwa, buƙatunmu huɗu ne. Na ɗaya, duk inda za a zauna a yanke awon ƙura ko hayaƙi ko guba a wurin aiki, wakilan masu shaƙa su zauna da ƙuri'a daidai da ta masu kamfani. Na biyu, duk masanin da ya kawo wa gwamnati rahoto ya faɗi wanda ya biya shi. Na uku, hoton ƙirjin lebura nasa ne, a ba shi a hannu, a gaya masa gaskiya. Na huɗu, a bi makarantu da asibitoci da kasuwanni a rubuta inda asbesto yake, kada a ba ɗan kwangila rushewa sai da ruwa da kayan kariya, kuma kada a bar sabo ya shigo ta tashar jiragen ruwa.

Muna kira ga kowane reshe na jam'iyyarmu ya karanta wannan a taronsa na mako, ya gayyato makanikai da kafintoci da magina na unguwa. In ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, ku zaunar da shi ku tambaye shi matsayinsa kan huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ku sa malamin reshe ya rubuta amsarsa, ku aiko mana mu buga. Daga rahoton Lucy Deane zuwa hanin Ingila shekara 101 ce, kuma ba taki ɗaya da aka yi cikinta don tausayin mai kamfani. Leburori ne suka haɗa kai, suka nemi likitansu da lauyansu, suka ƙwace mudu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.